Ranar da Kaka Ta Raba wa Unguwa Kek Ɗina

A lokacin ina 'yar shekara goma sha shida, ina aji huɗu a wata makarantar kwana ta 'yan mata, kuma in faɗi gaskiya, girman kaina ya fi ƙarfin wuyana. Mahaifina ɗan kasuwar auduga ne a Funtua, yana da manyan motoci masu jigila daga ƙauyuka zuwa injin gurza. Zamanin ne da kuɗi suka shigo ƙasa, kowane Alhaji na neman abin da zai yi wanda maƙwabcinsa bai yi ba. A ajinmu akwai 'yar wani babban ma'aikaci daga Kaduna, wadda duk muke bi kamar jela. In ta yi miki murmushi kin zama mutum, in ta yatsine fuska kin shiga uku. Ita ta ba mu labarin bikin zagayowar ranar haihuwarta, da kiɗa da lemo da kek mai hawa biyu. Ni kuwa bakina ya riga hankalina, na ce nawa mai hawa uku ne, kuma ina gayyatarta.

Da na koma hutu na tasa Baba gaba da kuka. Ya tambaye ni abin arzikin da na yi da za a yi mini biki, tunda haihuwar dai Inna ce ta sha wahalarta. Ita ma Inna da aka tambaye ta ranar, cewa ta yi abin da ta sani kawai ana cikin cirar auduga ne. Amma da na tsegunta wa Baba cewa abokin hamayyarsa na Malumfashi ya yi wa ɗansa, sai ya gyara zama ya ce a yanka sa. Aka kafa rumfuna, aka jibge akwatunan lemo har sun kusa taɓa rufin zaure, aka ɗauko mai faifai da lasifika. Kek kuwa wata Kirista ce ta gasa, matar malamin asibiti, wadda ta koya wurin 'yan mishan. Fari tas, hawa uku, da jajayen furanni da kyandirori a sama. Aka kawo shi da hantsi, na sa aka ajiye a ɗakin Inna, na tafi gidan kitso.

Wadda na manta da ita ita ce kakata, mahaifiyar Baba, da ta iso daga Mahuta da jin an yanka sa a gidan ɗanta. A wurinmu in ana sha'ani tsohuwa ce mai rabo. Ita ta san gidan da ake kai wa cinya da wanda ake kai wa kai da ƙafa, kuma ba a cin abin biki ba a fitar wa maƙwabta nasu ba. Ta gama da nama, ta gama da shinkafa, ta leƙa ɗaki ta ga wani abu zaune shi kaɗai ba a taɓa ba. Ta yi salati, ta ce yau da an ji kunya, ta sa wuƙa. Hawan ƙasa ya tafi gidan liman da na mai unguwa, na tsakiya ya shiga gidajen masu jego da marasa lafiya, na sama kuma ta raba wa matan da ke bakin murhu tun safe. Kyandirorin ta ƙulle a gefen zane, wai za su yi rana in an ɗauke wuta.

Bayan la'asar baƙuwata ta iso a mota mai direba. Na fito cikin leshi da takalmi mai tsini, ina ɗingishi ina yauƙi. Aka tsayar da kiɗa, mai lasifika ya sanar za a fito da kek. Na shiga ɗaki na tarar da faranti, an ma wanke shi an kife. Kaka ta biyo ni tana fara'a, ta ce in kwantar da hankalina, ta sauke mana nauyin burodin nan, kowa ya samu. Da ta ga na zube ina kuka, Inna kuma ta yi mata bayani, sai ta tashi gyara. Ta jera waina hawa uku a tire, ta soka kyandirorin ta kunna, ta ɗauka da kanta zuwa tsakiyar taro tana rangaɗa guɗa.

Wuri ya kaure da dariya, baƙuwata har da riƙe ciki. Nan na yi abin da har yau in na tuna nake jin nauyi. A gaban jama'a na daka wa tsohuwar tsawa, na ce ƙauyanci ya yi mata yawa, wa ma ya gayyace ta. Ta ajiye tiren, ta hure kyandirorin don kada su ƙone a banza, ta koma ciki. Washegari ta hau mota ko karyawa ba ta yi ba. Baba ya daɗe bai amsa gaisuwata ba. Wadda na yi duk wannan don ita kuwa, muna komawa makaranta ta raɗa mini Mai Waina, sunan ya bi ni har na gama, kuma ba ta ƙara zama kusa da ni ba.

Sai da wani hutun ya zagayo na je Mahuta na durƙusa. Ta ce ta yafe tun tana cikin mota, sai dai in gaya wa matar nan da ta gasa burodin sukarinta ya yi yawa, liman har ciwon haƙori ya yi. Muka yi dariya, amma da na roƙe ta ta biyo ni Funtua, ta ce a bar ta inda aka gayyace ta. Har ta rasu ba ta sake kwana a gidanmu ba.

Yanzu ni ma ina da jikoki, ina ganin yadda iyaye ke ƙure kansu don a ce 'yarsu ta yi abin da ba a taɓa yi ba. 'Yan'uwa, masu zuwa irin wannan biki kallo ya kawo su, suna fita za su same ku da wani aibin. Ni na wulaƙanta mai ƙaunata don in burge wadda ko sunan garinmu ba ta riƙe ba. Ku yi daidai ƙarfinku, ku kama bakinku a gaban tsofaffinku, domin yafewa daban, dawowa daban.