Tobias Kafinta da Albam Ɗin Katako Shida

Tobias ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya ce na ɓoye ɓangaren da nake. Kafinta ne a Kachalla Sembe, kuma abin da aka fi saninsa da shi akwatin gawa. Yana yin gado da kujera in an nema, amma wanda aka yi wa rasuwa shi ke zuwa da gaggawa, shi ya sa shagonsa ya zama na masu jajayen idanu.

Tun yana ƙarami muryarsa ba ta yara ba ce. Lokacin muna Iware, in Mama ta ce ya kira Baba daga gona, ba ya wahalar da ƙafarsa. Bayan gida yake tsayawa ya yi kira ɗaya, kajin maƙwabta su watse, Baba ya taho. Da muka dawo Jalingo ya shiga kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan cocinmu, aka sa shi layin baya na masu babbar murya, ya fi shekara ashirin a wurin. Jana'iza nawa aka yi a cocin nan wadda shi ya ƙera akwatin, shi ya sa kafaɗa, shi kuma ya riƙe waƙa a bakin kabari lokacin da muryar kowa ta karye? A tambayi duk wanda ya taɓa binne nasa.

Kiɗan da ya jawo surutu Suhail ne ya kawo masa. Suhail ɗan gidan masu atamfa ne a Kasuwar Jalingo, yana kaɗa jita. Ya je shagon a gyara masa akwatin lasifika, ya ji Tobias yana kiran mai kura daga tsallaken titi, sai ya ciro waya ya kunna masa wani kiɗa da ake kira det metal. Jita kamar injin niƙa, ganga kamar ƙanƙara a kan kwanon rufi, mawaƙin kuma yana gurnani daga ƙasan maƙogwaro. Tobias ya saurara har ƙarshe ya ce, “Wannan shi ne abin da ke ƙirjin mutane in sun shigo shagona. Dannewa kawai suke yi.”

Suka samo Albarka, ma'aikaciyar jinya da ke buga ganga, suka sa wa ƙungiyarsu suna Gara. Sun fi shekara suna zarya a wani situdiyo da ake naɗar waƙoƙin coci da na 'yan siyasa, an jingina katifu a bango don kada maƙwabta su kawo ƙara. Albam ɗin suka kira shi Katako Shida, don katako shida ke yin akwati.

Ni ba na jin daɗin kiɗan, kaina yake sarawa. Amma na sa Tobias ya karanta mini kalmomin da muryar mutane, kuma na san abin da ke ciki. Akwai waƙar mutumin da ya zo da igiyar da ya auna tsawon matarsa, ya kasa sakin igiyar. Akwai ta uwar da ta roƙe shi ya ƙara soso a ciki, wai ɗanta bai saba kwana a wuri mai tauri ba. Akwai ta dangin da ba su taɓa leƙa mara lafiya a asibiti ba, sai ga su a shago suna faɗa a kan launin fenti. Duk abin da ya gani ne da idonsa.

Da albam ya kammala na ce za a yi bikin ƙaddamarwa, kamar yadda ake yi wa kowane albam a garin nan. Suhail ya ce, “Adda Patricia, useko, don Allah, wannan kiɗan ba na anko ba ne. A intanet ake sakinsa.”

Na ce, “Ƙanena zai fitar da aikinsa a ɓoye kamar kayan sata? Ko mai waƙar biki ana kafa masa rumfa.”

Har gobe ban ga laifina ba. Ranar Asabar da rana muka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, matan zumunta suka zo da anko, Dattijo Matiyu na kwamitin coci ya zama uban taro. Aka yi addu'a, aka raba shinkafa a leda. Da Albarka ta fara buga ganga har wasu mata sun miƙe da hankici za su taka. Sai Tobias ya buɗe baki. Matar Dattijo Matiyu ta saki kwalbar lemonta ta ce, “Jinin Yesu!” Kafin waƙa ta biyu rabin rumfa ta watse. Sun gudu, amma ba wadda ta manta da ledar shinkafarta.

A cikin waɗanda suka zauna har da wani mai gabatar da shirin waƙoƙi a rediyo. Ba zan faɗi sunansa ba, kada ya ji daɗi. A shirinsa ya ce albam ɗin kamar an yanka bijimi a cikin tankin ruwa. Wannan bai dame ni ba, kunnensa ne. Abin da ya ƙara shi ne mugunta. Ya ce, “Mai sayar da akwatin gawa yana rera wa mutuwa waƙa. Jama'a, ku yi tunani da kanku.” Ya yi dariya ya sa talla.

Kafin mako ya zagayo magana ta cika unguwa, wai Tobias kiran mutuwa yake yi don kasuwarsa ta buɗe. Mutumin da sau da yawa yake barin aikin da ke gabansa ya haɗa wa maraya akwatin uwarsa! Kwamitin coci ya zauna, aka karɓe rigarsa ta kwaya, aka sa shi horo. A cocinmu mai horo bencin ƙarshe yake zama, kusa da ƙofa, inda kowa zai gan shi in zai shiga. Aka ce ba zai koma kwaya ba sai ya tsaya gaban jama'a ya ce ya bar Gara.

Wannan rigar ita ce abin da ya fi ƙauna bayan 'ya'yansa. Shi yake wanke ta, shi yake guga, ko matarsa ba ta taɓa ta. Na ce masa, “Ka zo mu koma wani coci, su ji yadda kwaya take ba kai.”

Ya ce, “Adda, a nan aka yi wa Mama sallama, ba inda za ni. Kuma ban yi ƙarya a waƙa ko ɗaya ba, me zan janye? Benci kuwa ni na ƙera shi, na san zai ɗauke ni.”

Ana cikin haka sharhi ya fara fitowa daga waje. Suhail ya zo rumfata ta manja ya karanta mini a waya. Wata mata a Legas da ke rubutu a kan irin wannan kiɗan ta ce ta daɗe ba ta ji muryar da ta sa ta tsaya da abin da take yi ba. Wani ɗan Brazil ya ce bai san kalmar Hausa ko ɗaya ba, amma ya ji cewa mutumin nan ya san abin da yake faɗa. Dukansu sun ce naɗin bai yi tsabta ba, jita ta danne ganga. Na ce su zo su naɗa da janareto da katifa mu gani.

Na ɗauki maganar na kai wa kwamiti, ba wanda ya gayyace ni. Dattijo Matiyu ya ce, “Patricia, ɗan Brazil ne zai binne mu?”

Na ce, “A'a, Baba. Tobias ne zai binne ku, kamar yadda ya binne na gabanku. Ɗan Brazil dai ya saurara har ƙarshe. Ku tun kafin waƙa ta biyu kuka tashi.”

Aka ce in fita. Na fita, horo ya ci gaba.

Abin da kwamiti bai yi tunani ba shi ne, an hana shi kwaya, ba a hana shi waƙa ba. Mai horo ma yana da littafin waƙoƙi. Ran Lahadi aka tashi waƙar farko, kwaya ta ɗauka a gaba, siririya kamar kunun da ya sha ruwa. Sai muryar Tobias ta taso daga bakin ƙofa. Ba gurnani ba, muryarsa ta kullum, wadda ake ji a tafin ƙafa. Bai ɗaga ta don gayya ba, ba shi da wata ne. Jama'a suka bi shi ba su sani ba. Malam Ɗanladi, shugaban kwaya, yana kaɗa hannu a gaba, coci yana tafiya da mutumin da ke baya.

Ni na bar wurina na layi na biyu na koma kusa da shi. Lahadi ta gaba mata uku suka biyo ni, har da uwar yaron nan da ta roƙi a ƙara masa soso a akwati. Sannu a hankali bencin horo ya cika, sai da aka ƙaro wani. Masu shigowa suka daina gane wane ne mai laifi a cikinmu.

Malam Ɗanladi ne ya gaji. Wata Lahadi ana tsakiyar waƙa ya sauke hannu, ya shiga ɗakin ajiya, ya fito da rigar a kafaɗa, ya bi tsakiyar coci har baya. Dattijo Matiyu ya miƙe ya ce, “Malam, kwamiti bai zauna ba.”

Ɗanladi ya ce, “To ku zauna, Baba. Ni dai ba zan iya jan kwaya daga gaba wani yana jan coci daga baya ba. Ko ya dawo gaba cikin kwaya, ko mu juya kujeru.”

Fasto ya kalli ƙasa, ya kalli Dattijo, bai ce a mayar da rigar ba. Ɗanladi ya miƙa wa Tobias.

Tobias bai karɓa nan take ba. Ya ce, “Malam, ban bar Gara ba fa.”

“Na tambaye ka? Sa riga, muna baiti na uku.”

Ya sa, ya gyara wuyanta, ya taka zuwa layinsa na baya a kwaya. Aka ɗauko baiti na uku daga farko.