Abin da Delu Ta Dafa Washegari

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, kafin a canza kuɗi zuwa naira, ita ce shekarar da talabijin ta shigo layinmu a Tudun Wadar Kaduna. Baba Audu direban jirgin ƙasa ne ya sayo ta. Kafin nan, kakata Iya Gambo ke riƙe da yaran unguwa. Da an sallame magariba sai mu kewaye murhunta, tana gasa masara tana zuba tatsuniya. Akwatin nan na zuwa muka watse muka bar ta da hayaƙi.

Ba ta yi fushi ba. Kujerarta ta ɗauka ta biyo mu.

Akwai wani wasan Turawa da ake nunawa mako-mako, na matafiya cikin taurari. Babu mai jin Turanci a cikinmu, Baba Audu kuwa rowar fassara gare shi. Sai Iya ta karɓe aikin. Ita ta raɗa wa matar da ke cikin jirginsu suna Delu, shugabansu Malam Dogo, halittun da suka tarar a wata duniya kuma Masu Kan Tulu. Bature ya buɗe baki, Iya ta ce, "Cewa ya yi wa ya taɓa masa buta." Har Baba Audu sai ya riƙe ciki.

Abin da ya tono mini wannan, jikata Ummi ce, a nan unguwar Bronx a Amurka. Ta shigo a guje, ko takalmi ba ta cire ba, wai kashi ɗaya na wasan ya ɓace a duniya, hoton babu, sai muryoyi. Da Hausarta mai ɗingishi ta ce, "Hajiya, ke kin gani da ido! Delu ɗin nan taki, sun dawo sun ɗauke ta?"

Na ce, "Ja'ira, sai yau kika san ina da ido?"

Na kasa zama. Na je taga, na dawo, na ɗora shayi na manta shi. Jirgin ƙasa mai lamba huɗu ya wuce yana girgiza mana kwanuka, ni kuwa ina Kaduna.

Rabin kashin nan na gani. Daidai inda jirginsu ya fara tashi, Delu na ƙasa tana ɗaga hannu, wuta ta ɗauke. Muka sa ihu. Iya ta miƙe ta ce, "Ku taso, ragowar tana wurina." Muka bi ta zuwa murhu.

Ta ce Delu ta yi ta kira har muryarta ta dushe. Da jirgi ya zama ɗan ɗigo, sai ta ga ya bar garwashi a inda ya tashi. Ta kwashe a gefen zane, ta haɗa duwatsu uku. Masu Kan Tulu, da ba su taɓa cin dafaffe ba, suka matso ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Iya, za su dawo?"

Ta juya masara. "Ke dai ba ki iya tambaya ba. Tambaye ni abin da ta dafa washegari."

Haka na ba Ummi labarin. Ta kunna muryoyin a wayarta, ta saurara, ta ce ba a sake ambaton matar ba ko sau ɗaya. Na ce to, Iya ba ta yi wa masu wasan ƙarya ba.

Sai da na girma na ji cewa daga Damagaram aka kawo Iya tana yarinya, shekarar yunwa, aka ce za a dawo ɗaukarta bayan kaka. Ni ma wankan jego na zo yi wa uwar Ummi. Ga Ummi nan tana jami'a. Kullum akwatina a ɗaure yake a bayan ƙofa, kullum kuma sai na shiga mota zuwa unguwar Harlem neman kuka da daddawa, don gobe akwai masu cin tuwo.

Baba Audu ya rasu, Iya ta riga shi da daɗewa. Cikin yaran da suka bi ta murhu ran nan, saura Talatu a Zariya, kunnenta ya tafi, da Sani ƙanena da ya rantse barci yake yi. Sai ni.