Gadon Ƙarfen Iya

Jiya a kasuwar Nguru wani ya buɗe gwangwanin fenti kusa da ni. Warin na dukan hancina sai na tuna Iya, kakata.

Duk shekara kafin ruwan farko takan sa a fito mata da gadon ƙarfenta na aure tsakar gida, can Gashua. Ta kankare tsatsar da yashi da tsumma, ta sirka shuɗin fenti da kananzir, ta bi shi lungu-lungu da gashin kaza. Daga ƙafafu take farawa, takan ce ta ƙasa ciwo ke shigar gado.

Shekarar da ciwon ƙoda ya kama ta, na tarar da ita zaune a ƙasa tana fentin, ƙafafunta sun kumbura suntum.

Na ce, "Iya, ki bari mana, zan sayo miki na katako."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "A kan wannan na raini ubanki. A kansa za a ɗauke ni, kuma ba a kan tsatsa ba."

Warin fentin bai bar ɗakin ba aka fitar da gawarta.

Bara na je ɗaukar gadon, na tarar Baffa, ƙanen mahaifina, ya sa mai walda ya yanka shi an yi wa garken awaki ƙyaure. Shuɗin yana nan. Ƙafafun suna cikin fitsarin awaki, tsatsa ta fara ci ta ƙasa.

Allah ya jiƙan Iya, ya ba ta makwancin da babu mai taɓa mata shi.