Kason Baba Yelwa a Bashin Ƙasa

Shekara talatin da uku Baba Yelwa ya yi yana masinja, kuma duk tsawon shekarun nan abu ɗaya yake ɗauka: fayil ɗin bashin da ƙasashen waje ke bin Nijeriya. A Ikko ya fara, lokacin fayil ɗin bai wuce ya saka shi a hammata ya hau keke ba. Da ma'aikatarsu ta dawo Abuja, a bayan babbar mota ya zauna a kan akwatunan takardun har suka iso. Zuwa lokacin da farar hula suka dawo mulki, sai da baro ake tura fayil ɗin. Shi kuwa Baba yana nan siriri kamar yadda ya fara.

Bai taɓa karanta ko shafi ɗaya ba. Abin da ya sani, shi ba mai cin bashi ba ne. Mai shayin unguwarsu a Karu ya taɓa cewa ya tafi da burodi ya biya gobe, Baba ya ajiye burodin ya sha shayinsa haka nan.

A shekararsa ta ƙarshe a aiki ya biya kujerar Makka. Kamar yadda aka saba, ya zagaya dangi da maƙwabta yana tambaya ko akwai mai binsa ko sisi, don kada ya je gaban Allah da hakkin wani. Ba a samu ba.

Sai wata Talata yana jera kofuna a ɗakin taro, ya ji Oga Uthman, daraktansu, yana gaya wa baƙi cewa in an raba bashin nan, kowane ɗan ƙasa har jaririn da aka haifa yau zai tashi da wajen naira dubu talatin.

Da aka watse Baba ya tsaya a ƙofa. "Ranka ya daɗe, har da ni?"

"Har da kai, Baba. Har da ni ma."

"Kai ai ba wannan shekarar za ka tafi Makka ba," in ji Baba.

A gida matarsa Kubra ta yi dariya har ta saki ludayi. "Malam, kai ka ci kuɗin Turawan?"

"Titin da nake bi kullum fa? Asibitin da kika haifi Zulai fa? Na ci mana, ban dai san ina ci ba."

"To ni ma ka biya min nawa."

"Ke da kike da jarin ƙosai? Kowa ya ji da nasa."

Ya sayar da ragon da yake kiwo a Orozo, ya cika da kuɗin adashi, ya zuba a ambulan ya kai wa Christina, kashiyar ofis. Ta juya ambulan ɗin gaba da baya.

"Baba, wane rasit zan yanka maka? Babu wurin da ake karɓar wannan."

"An san wurin karɓowa, ba a san wurin mayarwa ba?"

Ya je banki, suka tura shi sama, na sama suka turo shi ƙasa. Limamin masallacinsu ya ce masa wannan ba ya wuyansa, ya tafi abinsa. Baba ya yi godiya, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya sa aka ɗaga masa kujerar zuwa baɗi. Kubra ta yi kwana uku ba ta sa masa man shanu a tuwo ba.

Shekarar nan kuwa man fetur ya yi daraja, kuɗi suka shigo ƙasa. Aka zauna da manyan masu bin bashin, suka yafe kaso mai yawa, gwamnati ta biya musu sauran. Baba ya riga ya yi ritaya, amma Oga Uthman ya aika mota har Karu aka ɗauko shi. Ya ɗora masa fayil na ƙarshe a kan tebur, ya miƙa masa hatimi.

"Kai ka ɗauke shi yana yaro, kai za ka rufe shi."

Baba ya buga hatimin sau biyu, don ya tabbata ya kama. Oga bai ambaci ɗan ragowar da wasu ke bi ba, Christina ma ta duƙar da kai tana gyara takardu.

Kuɗin ambulan ɗin kuwa Baba ya raba su biyu: rabi ya kai asibitin da aka haifi Zulai, rabi Kubra ta karɓe, ta ce kuɗin haƙurin shekara guda ne.

Ranar tafiya, yana sanye da fararen kaya, ya biya ta ofis yin sallama. Ya ja Oga Uthman gefe, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, na ga sabon fayil siriri a teburin can. Don Allah kada a sa hannu sai jirginmu ya tashi. Ƙarfe huɗu ne."

Oga ya duba agogo, ya mayar da alƙalaminsa aljihu.