Jan Rubutun da Ya Kori Maƙwabciyata

Na haura arba'in kafin na iya rubuta sunana, don haka da aka buɗe ajin koyon rubuta wa na'ura mai ƙwaƙwalwa umarni a Ƙonni, ban tsaya jin kunyar kowa ba. Na ja maƙwabciyata mai sayar da albasa muka tafi tare.

Littafin da aka raba mana da Hausa yake, amma duk hotunan ciki na aikin da ya tafi daidai ne. Babu shafin da ya nuna abin da ke fitowa idan mutum ya kuskure. Ranar da maƙwabciyata ta manta wata alama, allon ya cika da jan rubutu na Turanci. Mu da muka yi karatun manya, ja a wurinmu biron malami ne, wato ka faɗi. Ita kuwa har ta ɗauka ta ɓata kayan mutane. Ta kashe na'urar, ta lulluɓe ta da gyale, ta fita.

Na tare malamin, saurayi sa'an ɗana, wanda muke kira Mushe, wato malam da Faransanci.

"Mushe, wanda ya rubuta wanga littafi bai taɓa kuskure ba?"

"Inna, mu ma kullum muna ganin jan nan. Wurin gyara yake nuna miki."

"To mi ya hana ku faɗi haka tun shafin farko?"

Daga baya ya ƙara shafin a littafin, da hoton jan da bayaninsa. Na kai wa maƙwabciyata har gida. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta miƙo mini, ta ce ta riga ta gane cewa kanta ba na wannan aiki ba ne. Ba ta sake komawa ajin ba.