Jarkoki Huɗu a Bayan Ƙofata

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma ba a ruɗa ni da suna. Tun ina yarinya a ƙasar Kano na san giya, na san barasa, na ji ana burukutu da ogogoro a bakin tasha. Na zo Makka na shekara talatin da ɗoriya a unguwar Jarwal, ina cewa na baro ƙazantar nan a baya. Ashe ɗan ƙanwata ne zai kawo mini ita har ɗaki.

Shi nan aka haife shi, da igamarsa, wato takardar zama, yana jan mota tsakanin Makka da Jidda. Ƙato guda, mai 'ya'ya uku. Ni kuwa hajji na zo na zauna, ba ni da takarda ko ta ƙunshe ƙosai. Abu kaɗan askar, 'yan sandan nan, za su gani a ɗakina, sai tarhil, a cusa ni jirgi. Ya san haka sarai.

Wata Talata da hantsi ya shigo da jarkoki huɗu irin na zamzam. Ya ce, "Hala, ajiye mini, na alhazai ne." Hala yake ce mini, wato inna da Larabci. Bayan azahar ƙishi ya kama ni. Na ce wa ke rowar zamzam? Na tsiyaya a kofi, na miƙe tsaye, na fuskanci alƙibla, na yi bismilla da addu'a yadda aka koya mana. Hancina ya daɗe da mutuwa, ban ji warin komai ba. Kurɓa ɗaya, wuta! Na tofar, na kuskure baki har dasashina ya yi jini.

Da la'asar ya dawo, na tare ƙofa.

"Kai, giya ka ajiye mini?"

"Ya Hala, yi a hankali, maƙwabta. Ba giya ba ce, arak ne."

"Arak ɗin uwaka."

Wai har zai karantar da ni. Wuski daban, na masu hali ne, daga waje yake zuwa. Wannan fari ne, sukari ne kawai aka dafa aka tace tururinsa, wasu na ce masa sadiki. In an zuba masa ruwan shayi ya yi ja, sai a ce wuski.

Na ce, "Ka gama? Ko Alhaji ka raɗa wa jaki, kuka zai yi. Da bismilla na sha abin nan, ɗan banza, ina kallon alƙibla!"

A gabansa na ja jarkokin zuwa bayan gida, na tuttule su ɗaya bayan ɗaya. Bayana na ciwo, ban nemi hannunsa ba. Ya tsaya yana huci, sannan ya ce da Larabci, don ya fi ciwo, "Tsakanina da ke, wa ke da igama?"

Ban tsaya ganin ko zai kai ni wurin askar ba. Kafin Juma'a na kwashe komatsaina na koma wurin 'yata can unguwar Utaibiyya. Ɗakin da nake takawa daga shi zuwa Harami sau biyar a yini, na bar shi. Yanzu sai ranar da surukina ya sami sarari ya kai ni a mota.

Uwarsa ta aiko wai in yafe, jini ɗaya ne. Na ce ta ajiye jininta.