Terasin Mbok Wagiyem

Mbok Wagiyem ta fara girki a gidan Tuan Brinkman tun haƙoranta na nan duka, ba ta kuma ajiye ludayin gidan ba sai da yaƙi ya kwashe masu gidan. Tuan ɗan Holan ne, shi ke kula da injin matse rake a garin Klaten da ke tsibirin Jawa, mutum mai tumbi da sanyin hali. Matarsa kuwa, wadda kowa ke kira Nyonya, hancinta ya fi idonta aiki.

Rigimar ta samo asali ne daga terasi, dunƙulen nan na jatan lande da ake bari ya ruɓe a rana, wanda in babu shi a miya mutumin Jawa gani yake an raina shi. Wata rana ana da baƙi, Mbok ta ɗora ɗan gutsure a garwashi, iska ta kwashi warin ta kai har baranda. Sai ga Nyonya a kicin, hankici a hanci. Ta ɗauki tukunyar terasin da yatsu biyu ta wurga ta cikin kwata, masu aikin gidan duk suna kallo.

"Ashe ƙazantar da kike ba mu ke nan? Kada in ƙara jin warinta a gidana."

Tukunyar nan gadon Mbok ce daga uwarta. Ta durƙusa ta ce, "To, Nyonya." A ranta kuwa ta rantse ba za ta mutu ba sai matar nan ta roƙi terasi da bakinta, ta kuma kira shi da sunansa.

Da wata ce, sai ta ci gaba da zubawa a ɓoye. Mbok ta fi haka iya mugunta, biyayya ta yi. Daga ranar abincin gidan ya koma salam kamar ruwan wankin shinkafa. Nyonya ta gane tun a cokalin farko, amma girman kai ya hana ta janye maganarta, sai dai ta yi ta barbaɗa gishiri tana cewa zafin ƙasar ne ya kashe mata baki. Tuan ne ya sha wahala a tsakani. Da an tashi daga tebur sai ya zagayo ta bayan gida, inda masu aiki ke cin nasu mai terasi, kamar mai duba furanni.

"Mbok, akwai saura a tukunyarku?"

"Ai na ƙazanta ne, Tuan."

"Zubo dai, kafin ta leƙo."

Haka aka yi shekaru, mata biyu a gida ɗaya kowace na jiran ɗaya ta gaji.

Sai sojan Japan suka shigo. Aka tafi da Tuan, ba wanda ya san inda aka kai shi. Matan Turawa kuma aka tara su a wata tsohuwar makaranta da aka kewaye da shingen gora. Mbok ta koma ƙauyensu tana sayar da shinkafa a ganyen ayaba. Da ta ji ana miƙa wa matan abinci ta ramukan shingen, sai ta ɗaura zanenta mai kyau, ta ce bari ta je ta ga yadda hancin nan ya ƙare. Ta ƙunsa shinkafa da miyar ganye, babu terasi ko ƙwaya, don doka ai doka ce.

Da ƙyar ta gane ta. Nyonya ta rame, rigarta ta yi mata yawa, ƙafa ba takalmi. Ta karɓi ƙunshin ta tsuguna a ƙasa, ta ci da hannu, ita da ta taɓa korar mai shara don ya lashi yatsa. Da ta gama sai ta matso da bakinta kusa da ramin.

"Mbok, in za ki dawo gobe, ki sa."

"In sa me, Nyonya?"

"Terasi. Don Allah. Kuma ki yafe mini abin tukunyar nan."

Mbok ta daɗe tana tanadin dariyar da za ta yi a wannan rana, har tana gwada ta in tana daka. Ta neme ta ta rasa. Tsoro ne ya kama ta, don ta san matar nan sarai: ranar da Nyonya ta nemi gafarar kuku, to ta fara shirin barin duniya. Ta koma gida tana kuka tana jin haushi, kamar wadda aka yi wa fashi a hanya.

Washegari ta gasa terasin da zai ishi gidan biki, ta juye shi duka a miyar. Sojan da ke gadin shingen, wanda ya saba tsokanar kowane ƙunshi da wuƙar bindiga, tun daga nesa ya toshe hanci ya yi mata hannu ta wuce.

Nyonya ta kai loma ɗaya, ta kai ta biyu. Sai ta dakata. Mbok ta zuba ido ta ramin, ta ga hancin nan ya fara motsi, yana yamutsewa a hankali kamar dā.

"Mbok, ya yi yawa. Kuma shinkafar ta caɓe. Sau nawa zan gaya miki ki rage ruwa?"

"In bai yi miki ba, Nyonya, sai ki shiga kicin ki dafa naki."

"Kar ki yi mini rashin kunya. Gobe ki zo da wuri."

Mbok ta fizge ganyen ayabarta ta kama hanya, tana masifa ita kaɗai, tana gaya wa duk wanda ta gamu da shi cewa ba ta taɓa ganin butulu irin matar nan ba. Ranta kuwa fari ƙal, don ta san ba yanzu Nyonya za ta mutu ba. Da ta isa gida, abin da ta fara yi shi ne auna ruwan shinkafar gobe, ta ƙara kaɗan.